Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Ran sadakar uku, bayan an shafa fatiha an raba waina da dabino, manyan baƙi suka yi sallama suka hau baburansu. Saura 'yan gida da maƙwabta na jiki a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gidan Alhaji, a Gounghin, yammacin Wagadugu, ba nisa da titin da ke fita Bobo. A irin wannan lokaci ne ake kwance bakin jaka, a faɗi abin da ba a faɗa gaban baƙi.

Marigayin ɗan ƙanen Alhaji ne, bai cika shekara 40 ba. Ubansa ya rasu yana ƙarami, Alhaji ya ɗauke shi tun suna Zangouettin, tsohon zangon Hausawa na tsakiyar birni, kafin a rushe unguwar a 2003 saboda aikin ZACA, jama'a su watsu kowa inda ƙafarsa ta kai shi. A hannun Alhaji ya tashi, a mangazarsa ya yi ƙarfi, Alhaji ne ya yi masa aure. Wannan kowa ya shaida.

Sana'ar Alhaji gyaɗa ce da masara. Gyaɗar daga Pouytenga da Garango, masarar daga yamma. Manyan masu saye suna da na'urar gwaji, ba sa karɓar kowane buhu, don haka ya ajiye mata masu tsinta. Mai kyau a ɗinke a loda wa mota. Wadda ta motse, da wadda ta fashe, da wadda ta yi baƙi-baƙi ko fumfuna ta taɓa, a tara gefe, ita ce tsince. Tsince ba ta kwana biyu a mangaza. Masu ƙuli-ƙuli da masu niƙan miya suna saye da araha, abin da ya rage a kai tukunyar yaran mangaza. Alhaji ba ya asarar ko ƙwaya ɗaya, kuma yakan faɗi haka da bakinsa, yana murmushi.

A gefen tabarma akwai wani tsoho siriri, kawun marigayin, wan mahaifiyarsa. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne na asibiti da ya yi ritaya, amma unguwa ba ta damu da wannan bambanci ba, Lokotoro take ce masa. Tsakaninsa da Alhaji surukuta ce, da kunya, da irin ladabin nan mai nauyi da ke hana mutum biyu faɗa wa juna gaskiya kai tsaye har su tsufa. Wajen shekara 10 da suka wuce marigayin ya je ba da jini don matar wani abokinsa, aka ƙi karɓa, aka ce yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Lokotoro ya zo ya durƙusa gaban Alhaji ya ce yaron nan yana buƙatar gwajin jini da hoton ciki duk wata 6, wataƙila ma da ƙwayar magani kullum. Alhaji ya yi dariya ya ce, wanda ke ɗora buhu mai kilo 100 a ka shi ne marar lafiya? Magana ta mutu a nan.

Bana, bayan ƙaramar salla, yaron ya fara rama. Gefen cikinsa na dama ya yi nauyi, ido ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Ciki ya cika da ruwa. Ko da aka kai shi asibitin Yalgado, hoto ya nuna hantar ta cika da ƙullutai. Daga ranar da ya ajiye buhu zuwa ranar da aka ɗauke shi a makara, wata 3 ne.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ni dai abin da na sani, ciwon Allah yana sallama. Wannan kuwa rana ɗaya ya faɗo. Yaro kamar doki, a ce wata 3? Akwai hannu a ciki. Tun da muka karɓi kwangilar nan ta bara wasu ba su ƙara barci ba." Ya turo leɓe wajen gabas, inda kowa ya san akwai wata mangaza.

Wasu suka ce ƙwarai. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Lokotoro ya yi gyaran murya. "Alhaji, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Malam Liman, in an yi mini izini, in ba yaran nan labarin wani gari. Zaman makoki in ba hira, zuciya takan tafi inda ba a aike ta ba."

Liman ya ce, "Bismilla, Lokotoro."

"Akwai wani gari, mutanensa sun kai tiriliyan 30."

Wani matashi ya ce, "Baba Lokotoro, ai duniya duka ba ta kai haka ba."

"Wannan garin ya kai, kuma kai ma kana da irinsa. Duk ɗan garin da ke iya haihuwa yana riƙe da littafi iri ɗaya, harafi wajen biliyan 3, kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A ciki aka rubuta masa aikinsa, da lokacin da zai haihu, da lokacin da zai dakata, har da lokacin da zai mutu. Haihuwarsu kuwa rabuwa ce, ɗaya ya tsage ya zama biyu. Kafin ya tsage sai ya kwafe littafin kaf, don kowanne ya tafi da nasa. To, kun san mai kwafi. Komai ƙwarewarsa wata rana alƙalami zai zame. Akwai masu bin baya suna gyara, kuma suna kama kusan duka. 'Yan kaɗan da suka tsere yawanci a gefen shafi suke faɗawa, inda ba su canja komai. Haka gari ke tafiya shekara da shekaru lafiya lau."

"Sannan a cikin kowane gida akwai mai gadi. Aikinsa ɗaya. In ya ga littafi ya yi mummunar lalacewa, sai ya ce, dakata, ba haihuwa sai an gyara. In abin ya wuce gyara, sai ya ce wa mai gidan, kwanta ka mutu don gari ya rayu. Shi kuwa ya kwanta, ba gardama."

Liman ya ce, "Subhanallahi."

Mai karatu ya riga ya gane garin jikin ɗan Adam ne, 'yan garin ƙwayoyin halitta, littafin kuma DNA. Mai gadin ma yana da suna a wurin masana, p53. An gano shi a 1979, kuma kusan shekara 10 ana ɗaukarsa mai laifi, saboda duk inda aka sami ciwon daji sai a tarar da shi a wurin. Sai a 1989 aka tabbatar cewa wanda ake ta gani ɗin lalatacce ne, lafiyayyen kuwa shi ke hana ɓarna. A kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam, in an duba, za a tarar an nakasa shi.

Lokotoro ya ci gaba. "A garin akwai unguwa guda, sunanta Hanta. Ita ce kwastan. Duk abin da ya shigo ta baki ya bi hanji, sai ya biya ta nan an tantance shi kafin ya wuce cikin gari. Mutanen unguwar ba su da ƙorafi. Ko an yanke musu fiye da rabin unguwa sai su sake ginawa, ba wanda zai ji bakinsu."

"Wata rana baƙo ya shigo unguwar. Da a ce ya zo gari ya girma, da 'yan sintiri sun kore shi cikin 'yan watanni, don cikin manya 100 da ya shiga, waɗanda yake zaunewa a jikinsu ba su kai 5 ba. Amma ya zo ranar da aka kafa garin, 'yan sintiri ba su san na gida da na waje ba, suka ɗauka ɗan gari ne. Jariri 10 in ya kama ranar haihuwa, 9 yana nan tare da su har girma. Sai can daga baya 'yan sintiri suka farga, suka fara kai hari. Ba sa iya kama baƙon shi kaɗai, sai dai su ƙone duk gidan da ya ɓuya. Su ƙone, a sake gini. Su ƙone, a sake gini. Shekara 20, shekara 30. Duk sabon gini kwafin littafi ne, duk kwafi kuwa dama ce ta kuskure. Ga tabo yana taruwa inda aka yi gobara, har unguwa ta ƙandare. Baƙon kuma ba ya zaune haka nan, yana yagar shafi daga nasa littafin yana cusawa cikin na masu gida."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya dubi Alhaji karo na farko. "Wannan baƙon, Alhaji, in aka bi sawunsa, mai yiwuwa ta ƙofarmu ya shigo. Sau da yawa daga uwa ne wurin haihuwa, ba da saninta ba. Ko kuwa tsakanin yara a tsakar gida, ko askar wanzami guda da ta bi kai goma. A ƙasar nan kusan mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da shi."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka sauke wa kaya. "Allah Sarki. Ai ba laifin kowa ba ne."

"Ba laifin kowa ba ne," in ji Lokotoro. "Kuma da yawa suna tsufa da baƙon nan bai ci garinsu ba, muddin mai gadi yana kan aikinsa. To, a wannan garin da nake ba ku labari, wata rana aka wayi gari a wani gida guda na unguwar Hanta, an kashe mai gadi."

"Yauwa!" Alhaji ya ɗaga yatsa. "Wa ya kashe shi?"

"Za mu zo nan, Alhaji. Bari mu fara ganin abin da ya biyo baya, don yaran nan su san yadda wata 3 take zama wata 3."

"Ɗan gidan da aka kashe wa mai gadi bai zama ɗan ta'adda a ranar ba. Yana nan kamar kowa, yana zuwa aiki. Bambancinsa kawai, in ya yi kuskure ba mai ce masa dakata. Ya haihu, 'ya'yansa suka gaji littafin da kuskurensa. Cikin jikoki wani ya ƙara nasa kuskuren, ya faɗa daidai layin da ke cewa haihu, layin ya maƙale, ba ya kashewa. Wannan ya fi 'yan'uwansa yawan zuriya, zuriyarsa ta mamaye layin. A garin akwai wata doka kuma, bakin littafi yana gutsurewa kaɗan duk kwafi, in ya cinye, haihuwa ta ƙare. Sai wani cikin tattaɓa-kunne ya gano yadda ake mayar da abin da ya gutsure, ya zama ba ya tsufa. Sau da yawa ma shafin nan da baƙo ya cusa, kusa da wannan layin yake sauka ya kunna shi. Kun ga ba kuskure ɗaya ba ne. Ɗaya ne bisa ɗaya, kowanne an bar shi ya wuce, kowanne yana share wa na gaba hanya."

Abin da tsohon ya faɗa a nan shi ne abin da Peter Nowell na Filadelfiya ya rubuta a 1976, cewa ciwon daji zuriyar ƙwaya ɗaya ce, kuma a cikin zuriyar ana tsere, wanda ya fi taurin kai shi ke gadon gida. Wannan ne ma dalilin da ya sa magani kan yi aiki da farko daga baya ya daina. Ya kashe masu rauni, ya bar fili ga wanda bai ji ba.

"Da suka taru suka kai girman ƙwayar gero," in ji Lokotoro, "sai yunwa ta tsayar da su, don abinci ba ya isa tsakiyarsu. Nan da yawa suke tsayawa, shekaru, ba su gaba ba su baya. Sai wani cikinsu ya koyi aika takarda da hatimin hukuma, yana cewa a jawo mana hanya, a jawo mana famfo. Gari kuwa ya jawo. Da kuɗinsa, da ma'aikatansa. Sababbin hanyoyin jini suka shiga har tsakar gidansu. 'Yan sintiri suka zo bincike, aka nuna musu katin ɗan gari, kuma katin na gaskiya ne, don 'yan gari ne. Wasu ma suka koyi wata kalma da in sun raɗa wa ɗan sintiri a kunne sai ya saki sandarsa ya yi barci."

Likitan tiyata Judah Folkman na Boston ne ya nace tun 1971 cewa ƙulli ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa hanyoyin jini, aka daɗe ana yi masa kallon mai mafarki. Kalmar da ke sa 'yan sintiri barci kuwa, gano yadda ake toshe ta ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Magungunan da suka fito daga wannan bincike suna nan, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mangaza da abin da ke cikinta.

Matashin nan ya sake magana. "To Baba, duk wannan ana yi, mai garin bai ji komai ba?"

"Da me zai ji? Cikin hanta ba jijiyar jin zafi, sai a fatar da ta lulluɓe ta. Sai ƙulli ya girma ya miƙe fatar nan tukuna. Kai da ka yi lakwal, yi mini lissafi. Ɗaya ya zama 2, 2 ya zama 4. In aka ninka sau 30, nawa ke nan?"

Yaron ya danna wayarsa. "Ya wuce biliyan 1."

"Biliyan 1 ɗin nan, girmansa santimita 1 ne, kamar ƙwayar gyaɗa. Nan ne hoto yake fara ganinsa. Ƙara ninki 10 kacal."

"Ya wuce tiriliyan 1."

"Wannan kilo guda ne, kuma ba a cika kaiwa nan da rai ba. To ka gani, tafiya mai zango 40, an yi 30 a cikin duhu. Abin da mutane ke kira rana ɗaya, zangon ƙarshe ne suka gani. A nan ne 'yan tawayen ke fasa bango su shiga babbar hanyar jini ta unguwar su toshe ta, ruwa ya taru a ciki. Wasu su bi jini su yi ƙaura, yawancinsu su mutu a hanya, ɗaya cikin dubbai ya sauka a huhu ko a ƙashi ya kafa sabon zango."

Ya kurɓi ruwa ya ajiye kofin.

"Amma tsakanin ƙwayar gyaɗa da ƙwallon goro akwai lokaci. Watanni ne masu yawa. A lokacin ana iya yanke gidan, ko a ƙone shi da allura, gari ya tsira. Shi ya sa ake cewa duk garin da aka san baƙon nan yana ciki, a riƙa leƙa unguwar sau 2 a shekara. A wannan garin ma an taɓa zuwa an faɗa wa mai unguwa haka. Ya duba ya ga hayaƙi yana tashi a kowane madafi, kasuwa tana ci, ya ce ina ciwo a nan?"

Bai dubi kowa ba da ya faɗi wannan. Tabarma yake kallo. Wani dattijo da ke kusa da Alhaji ya fara neman takalminsa da ido.

Alhaji ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ba ka gaya mana wanda ya kashe mai gadin ba."

"Af, na manta, kun san halin tsufa. Wannan sai mun je Ingila. A 1960, lokacin dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni. Turawa ba su ce jifa ba ne. Suka bi abincin tsuntsayen, suka tarar da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. A cikinta akwai fumfuna, fumfunar tana fitar da dafi, suka sa masa suna aflatoksin. Tana son gyaɗa da masara, musamman waɗanda fari ya wahalar a gona, ko ƙwaro ya huda, ko aka tara su da sauran danshi a ɗaki mai zafi. Dafin ba ya jin tafasa, suya ma sai dai ta rage shi. In an matse mai, yawancinsa a tunkuza yake zama."

"In ya shiga gari, kwastan zai fara biyawa. Mutanen Hanta su karɓe shi su ce bari mu sarrafa shi mu fitar. Garin sarrafawa sai ya rikiɗe a hannunsu ya zama abin da ke manne wa littafi. Kuma yana da wurin da ya fi so. A babin da aka rubuta yadda ake naɗa mai gadi, kalma ta 249, harafi na uku. Ya mai da G ya koma T. Harafi ɗaya cikin biliyan 3. Daga ranar, mai gadin gidan yana nan zaune a bakin ƙofa da rigarsa, amma ba ya gani, ba ya ji."

Wannan ma ba ƙirƙirar Lokotoro ba ce. A 1991 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya tana duba marasa lafiya na Qidong a ƙasar Sin, ɗaya na kudancin Afirka, suka tarar da canjin harafi iri ɗaya a wuri ɗaya, a wuraren da abinci ke yawan ɗauke da dafin. Daga baya aka same shi a jinin fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon dajin hanta da aka gwada a Gambiya. A Turai da wuya a gan shi. Wani bincike da ya bi maza fiye da 18,000 a Shanghai ya nuna dafin shi kaɗai yana ninka haɗari wajen sau 3, ƙwayar B ita kaɗai wajen sau 7, amma in suka haɗu a hanta ɗaya, kusan sau 60.

"Tun daga lokacin," in ji Lokotoro, "Turawa suka kafa ma'auni. Yau gyaɗar da mutum zai ci, in dafin ya wuce kashi 4 cikin biliyan, ba ta shiga Tarayyar Turai. Shi ya sa ake tsinta, kuma tsinta abu ne mai kyau, yawancin dafin a cikin 'yan ƙwayoyin nan marasa kyau yake taruwa. Mai kyau ta hau mota ta tafi. Abin da ban sani ba, ni da na ƙare rayuwata a ɗakin gwaji, shi ne inda wadda aka tsince take kwana. Abin da ba a yarda talotalon Ingila ya ci ba, ban san cikin wa yake shiga ba. Wannan ku 'yan kasuwa kun fi ni sani, Alhaji."

Rumfa ta yi tsit, har ana jin injin niƙa daga layi na biyu.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Alhaji ya ce, "Lokotoro, me kake nufi?"

"Ni? Labarin gari nake bayarwa. Ba mai iya dafa littafi ya ce ga lomar da ta kashe mai gadin wane. Ko ni da madubina ban isa ba. Na dai san ba daga mangazar gabas aka aiko 'yan tawayen ba. 'Ya'yan gida ne, a gida aka haife su, a gida aka ciyar da su."

"Ajali ne," in ji Alhaji.

"Ajali ne, Alhaji. Wallahi ajali ne."

Liman ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya roƙa wa marigayi rahama, ya roƙa wa na baya lafiya da halal, ya ɗan ja kalmar ta ƙarshe fiye da yadda ya saba. Aka shafa. Alhaji ya tashi ya ce zai shiga ciki ya ɗan kishingiɗa.

Ban ga alamar Alhaji mugun mutum ne ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Daga Pouytenga zuwa Maraɗi zuwa Dawanau, tsince tana da kasuwarta da farashinta, kuma masu sayenta su ne waɗanda ba su da kuɗin mai kyau. Ma'aunin da ke kare yaron Faransa, shi ne ke tattara dafin wuri guda ya turo shi kwanon almajiri da na ɗan dako. Ɗan kasuwa yana ganin ya yi tattali, har ya yi taimako, tunda ya sayar da araha. Ba ya ganin gawa, don tsakanin loma da makara akwai shekara 20. Amma wanda aka gaya wa, ya fita daga sahun waɗanda ba su sani ba.

Kuma abin yana da magani tun daga gona. A ƙauyukan Kindia na ƙasar Gini an gwada abubuwa masu sauƙi, aka buga sakamakon a 2005: a shanya gyaɗa a kan tabarma har ta bushe sarai, a tsince, a zuba a buhun da ke shan iska, a ɗora kan katako kada ta taɓa ƙasa. Dafin da aka samu a jinin mutanen bai kai rabin na ƙauyukan da ba su yi haka ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don fumfuna marar dafi ta kori mai dafi, kuma akwai nau'in da aka yi wa Burkina. A Qidong ɗin nan, da mutane suka bar masara suka koma shinkafa a shekarun 1980, mutuwa daga ciwon dajin hanta ta yi ƙasa sosai. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin B a 1984, ciwon ya ragu a yaranta. Mu kuwa, wani bincike da aka buga a 2017 a kan asibitocin ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Gana, ya nuna in aka cire Masar, rabin masu wannan ciwo ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano shi. Wata 3 ɗin da ya ba Alhaji mamaki, shi ne abin da aka saba gani.

Rumfar makokin jikin katangar tsakar gida take, mata sun ji komai. Da magariba matar marigayin ta aiko a kira mata Lokotoro. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Kawu, yaran nan uku, da ni. A ina ake gwajin?" Ya ce in ta fita takaba zai kai ta, yaran kuwa jibi zai zo ya ɗauke su, har da kakarsu in ta yarda. Uwargidan Alhaji ba ta ce komai ba, amma washegari da yaron mangaza ya kawo kwanon gyaɗar miya kamar kullum, ta leƙa ciki ta ce ya mayar, ta ba shi kuɗi ya sayo mai kyau.

Alhaji bai ƙara ambatar mangazar gabas ba. Bai kuma daina sayar da tsince ba, sai dai yanzu ba ya tsayawa a wurin in ana awo, yaro yake bari. Shi da Lokotoro suna gaisawa a masallaci kamar da, da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya.

Burkina ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai a 2006, Najeriya a 2004, Nijar a 2008. Mai karatu, in an haife ka kafin waɗannan shekaru, da wuya a ce an yi maka ita kana jariri. Gwajin ƙwayar B kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako kan fito cikin rabin awa. In babu, a yi maka rigakafi. In akwai, akwai maganin da ke danne ƙwayar, irin su tenofovir, ka kuma nemi likita ya tsara maka hoton ciki, ka kai matarka da 'ya'yanka da 'yan'uwan da kuka fito ciki ɗaya a duba su.